Akwai Mai a Kifin Nan

Yanzu idan ana so a san ko ruwa ya ɓaci, ba sai an jira kifi ya mutu ya juyo da ciki sama ba. Wata jikata da ke karatun kimiyya a jami'ar da ke bayan Kwalkwalawa ta ce mini ɗan gutsuren hantar kifi suke yanka su sa a na'ura. Ta ce kowace halitta tana ɗauke da umarnin da ta gada a cikin ƙwayoyin jikinta, kuma ba duka ne ke aiki lokaci ɗaya ba, wasu a farke suke, wasu suna barci. In baƙin mai ya shiga jikin kifi, sai na cikin hanta da ke barci su farka su hau aikin narkar da dafin, masu kula da girma da yin ƙwai kuma su lafa. Kifin yana iyo, yana cin abinci, ido ba ya ganin komai, amma a ciki gida ya hargitse. Na ce mata na gane, haka kasuwar kara ta shanu take yi in bijimi ya tsinke, mai ciniki ya bar ciniki, dillali ya bar baƙonsa, kowa ya nemi igiya. Ta yi dariya, ta ce kusan haka ne, sai dai wannan bijimin ba a kama shi da wuri.

Mu a zamaninmu babu na'ura. Hanci muke da shi da harshe, kuma ni lokacin da na fi bukatarsu ban yi amfani da ko ɗaya ba.

Gidanmu gidan mahauta ne da masu fataucin shanu. Ni ban iya wuƙa ba, amma kunnena yana kama harshe da sauri, saboda haka tun ina saurayi fatake suka riƙa tafiya da ni in yi musu tafinta. Da haka na samu Fillanci da Zabarmanci, na tsinci Faransanci a ofisoshin kan iyaka, da Larabcin Chadi a kasuwannin gabas. Tafiya ta kai ni har Mopti a ƙasar Mali, inda na yi shekaru a gidan wani dattijo Bafillace mai cinikin busasshen kifi. Baffa nake ce masa. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, Kaɗo yake ce mini, yadda Filani kan tsokani wanda ba nasu ba.

A gidansa na kwanta ciwon shawara, idanuna suka yi ɗorawa, ban iya riƙe komai a ciki. Matansa suka yi ta ba ni romon kifi har na tashi. Da bakina ya dawo, abin da na fara cewa shi ne romon ya yi daɗi, amma da a ce da tarwaɗar kogin Rima aka yi shi, da tuni na warke. Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, sai na mayar da maganar abin yi. Duk kifin da aka kawo gabana, in ci in ƙoshi, in ce ya yi ƙoƙari. In ba su labarin yadda muke iyo a gindin gadar Kwalkwalawa muna yara, da yadda ake gasa tarwaɗa a kan karan dawa har mai ya riƙa ɗiga yana kashe wutar. Mutanen da kakanninsu suka rayu a kan babban kogi, kasuwarsu cike da kifin da nake ganin irinsa ban san sunansa ba, su nake yi wa wannan kuri. Baffa yakan ce, bari dai Allah ya kai shi garinmu ziyarar Hubbaren Shehu, zai gani da bakinsa.

Na dawo gida cikin shekarun da kuɗin mai suka fashe. Soja ke mulki, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo. Manyan motoci sun cika gari, ana gini ko'ina. A Mali na saba ganin direba yana tsiyaye jarka har ɗigon ƙarshe, a nan kuwa na tarar kanikawan Tudun Wada da fetur suke wanke hannu. Na samu aiki a wani ofishi da ke hulɗa da masu shigo da dabbobi daga Nijar, na gina ɗan gida a Tudun Wada, na saya wa maiɗakina risho mai cin kananzir don ta huta da hayaƙin itace.

Ana nan sai wani direba ya kawo mini saƙon baki cewa Baffa yana tafe ziyara, kuma a gidana zai sauka.

Na sa aka shafe ɗakin soro da farar ƙasa, na sayi sabuwar tabarma da buta. Yayana, wanda ya gaji wuƙar mahaifinmu, ya ce zai riƙa aiko da tozo kullum. Na ce ya riƙe tozonsa, wannan baƙon kifi zai ci. Akwai wani mai kawo kifi a keke daga Kwalkwalawa kowace safiya, na ce masa duk tarwaɗar da ta fi girma tawa ce har baƙona ya tafi.

Maiɗakina ba ta so ba. Ita ma 'yar mahauta ce, kifi a gidansu sai in an rasa nama, kuma ba a rasawa.

Ta ce, "Malam, mu ɗiyan mahauta mi munka sani ga kihi? Mutumen ga hwa sana'a tai ta."

Na ce mata kifin Rima ba ya bukatar gwaninta, ruwa da gishiri ma sun ishe shi.

Baffa ya iso ya tsufa fiye da yadda na bar shi, amma bakinsa na nan. Tun a tasha ya ce mini tunda ya shigo garin Shehu, Hausa zai yi har ya fita, ya gaji da jin yadda nake karya masa Fillanci. Hausarsa ta 'yan goro ce, wadda ya tsinta a kasuwa, mace ya ce ya, namiji ya ce ta. Yarana suka riƙa leƙowa daga zaure suna ƙunshe dariya.

Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Baffa ba, ko a Mopti da 'ya'yansa nake ci. A nan ma haka. In kai masa abinci, in durƙusa in buɗe, in koma bakin ƙofa har ya fara, sannan in ba shi wuri. Kifin kuma ɗaya ne kullum, dungurungum ake kai masa, mu a cikin gida mu ci miyarmu ta nama. A ganina wannan shi ne girmamawa, kada ko ɓarin jela ya ragu daga rabon baƙo.

Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa kamar ɗan makaranta mai jiran sakamako. Ya gutsuri tuwon shinkafa, ya ɓalli kifin, ya kai baki. Ya tauna a hankali. Ya sake ɓallar wani wurin, kusa da ciki, ya shinshina kafin ya ci. Sannan ya ɗago.

Ya ce, "Kaɗo, akwai mai a kifin nan."

Na ji kamar an naɗa mini rawani. A gidan da na tashi babu yabon da ya wuce wannan. Nama in an ce yana da mai an gama magana, kaza ma haka, miya ma haka.

Na ce, "Ai na gaya maka, Baffa. Kuma wannan ƙarami ne, bari ka ga na gobe."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce to, Allah ya kai mu. Da na dawo ɗaukar kwano babu komai a ciki sai ƙaya, a jere a gefe kamar an tsefe su. Na shiga da shi cikin gida ina nuna wa maiɗakina. Ta karɓa ta kai wurin wanke-wanke.

Haka muka ci gaba. Kullum kifin ya fi na jiya girma, kullum kwano ya dawo wayam. Baffa ya fara neman lemun tsami bayan abinci, na ce al'adar tsofaffi ce. Ya riƙa dafa shayinsa sau da yawa, yana gyatsa yana neman gafara. Wata safiya ya ce yau azumin nafila yake yi, kada a wahala. Na sa aka ajiye masa kifin ranar aka kai masa da buɗa-baki, har da ƙarin romo. Ya cinye.

A cikin gida kuma na ga an ture risho gefe an koma murhu. Maiɗakina tana ta goge tukunya da toka har tana ƙyalli, tana ƙara daddawa da citta a miyar baƙo, tana jiƙa kifin a ruwan zafi tun kafin ta yanka. Na tsokane ta, na ce an saya mata abin zamani ta koma wa hayaƙi, ashe ƙauyanci ba ya fita. Ta ce haka ne, ta ci gaba da hura wuta.

Na raka Baffa Hubbare ranar Juma'a. Ya cire takalmansa tun daga nesa, ya zauna cikin masu ziyara daga ƙasashe daban-daban, ya daɗe yana addu'a hawaye na bin gemunsa. Da muka fito ya ce buri ɗaya ya cika, saura ɗaya. Yana so ya ga kogin nan da na hana su sakat da labarinsa.

Maƙwabcina na jikin katanga malamin kimiyya ne a wata sakandare, Kirista daga ƙasar Filato, kowa Ticha yake ce masa. Yana da wata ƙaramar mota mai kama da kunkuru. Da na roƙe shi ya kai mu, ya yi ɗan jim, sannan ya ce to, gobe Asabar ba makaranta. A hanya suka ƙulla da Baffa, kowa da irin Hausarsa, suna gardamar wa ya fi wani iyawa. Ni ina gaba ina ta nuna musu inda kaza yake da, inda muke tsinkar magarya. A bakin gada wani soja ya leƙa motar, ya ga farin gemu, ya ɗaga mana hannu.

Tun da na dawo na haye gadar nan ba adadi, a mota ko a babur, amma ban taɓa sauka ba. Ranar ne na sauka.

Rani ne, ruwa ya janye ya bar yashi mai faɗi. A kan yashin tankoki ne a jere, irin masu kawo baƙin mai daga kudu don manyan injina, sun juyo da baya har tayoyinsu sun shiga ruwa. Masu wanki suna shiga cikin tankin da bokiti, an buɗe famfon ƙasa, wani abu baƙi mai kauri kamar maɗi yana zuba yana bin ruwa. Can gefe wani ya kwanta ƙarƙashin tifa yana juye man inji a kan yashi. Saman ruwan yana ƙyalli launi-launi kamar wuyan tantabara. Ciyawar bakin gaɓa tana da baƙin zobe a daidai inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wani makiyayi yana kora shanunsa sama da wurin, don sun ƙi sa baki a nan.

Ƙasa kaɗan, inda ruwan ya taru ya yi zurfi, masunta ne da kwalekwalensu. Mai keken nan da ke kawo mini kifi ya hango ni, ya taso da murna yana ɗaga murya don kowa ya san ni abokin cinikinsa ne.

Ya ce, "Maigida, yau kai da kanka? Ga na gobe can na aje maka cikin ruwa da rai nai. Dut nan anka kamo waɗanda kac ci, nan gurbin ga, nan manya su ka taruwa."

Baffa ya tattare rigarsa, ya gangara a hankali, ya tsuguna a bakin ruwa. Ya tsoma yatsa ɗaya, ya murza shi da babban yatsa, ya kai hanci. Sannan ya juyo ya nuna mini yatsan, da muryar nan tasa ta ranar farko, ba ƙari ba ragi.

Ya ce, "Akwai mai."

Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Na rasa inda zan sa idona. Ni da ake biya don in ji abin da mutum yake nufi, ni da na raba rigimar Bazabarme da Balarabe a kan kalma ɗaya, Hausar gidanmu ce ta wuce ni. A Faransanci man da ke jikin nama daban, man mota daban. A Fillanci ma ba a haɗa su. Da ya faɗa da ɗayansu, da tun ranar farko an gama. Har yau ban sani ba, ko Hausarsa ce ba ta wuce nan ba, ko kuwa da gangan ya zaɓi kalmar da za ta bar mini ƙofa a buɗe, in na gane shi ke nan, in ban gane ba shi ya cinye. Na fi zaton na biyun, kuma shi ya fi ciwo.

Ticha ya karɓi wata 'yar tarwaɗa daga hannun masunta, ya fito da wuƙar aljihu ya farka cikinta a kan gefen kwalekwale. Daga waje lafiyayya ce, fatarta sumul. Ya zaro hantar ya ɗora a tafin hannu. Ta kumbura, ta koɗe, ba ta da jan nan da na sani a hantar dabba mai lafiya, kuma wannan kam ɗan mahauci ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya ce hanta ita ce ke fama da duk abin da ya shiga jiki, wannan ta yi iya ƙoƙarinta. Ya ce su a gidansu tun bara suka daina sayen na nan.

Na tambaye shi da Turanci, don kada Baffa ya ji, me ya hana shi gaya mini. Ya amsa da Hausa, yana goge wuƙarsa da yashi.

Ya ce, "Maƙwabci, kullum ta kan katanga muna jin ka kana yabon kifin. Wa zai shiga tsakaninku? Amma ai Madam ɗina ta gaya wa uwargidanka."

A hanyar dawowa babu wanda ya yi gardamar Hausa. Baffa ya yi ta yabon gonakin albasa na fadama, Ticha yana taya shi.

Na tarar da maiɗakina a gindin murhu. Ban yi faɗa ba, ban da bakin yi. Ta ce tun ranar farko da ta ɗanɗana romon ta ji kananzir, ta ɗauka rishon ne ko hannunta, ta shiga ɗaki ta yi kuka don ta kunyata ni a gaban mutumin da ya yi jinyata. Shi ya sa ta koma itace. Da ɗanɗanon bai fita ba ta je wurin matar Ticha a ɓoye, ita ce ta ce mata ba laifinta ba ne, daga ruwa yake, ta koya mata jiƙawa da lemun tsami ko zai rage.

Ta ce, "Sau biyu ina buɗa baki in hwaɗa maka, kai ko kana ba ni labarin iyon da kac ce kuna yi gindin gada. Ƙaƙa zan ce maka kogin ku na wari?"

Akwai sauran romon jiya a gindin tukunya. Ta kankaro da ludayi ta miƙo mini. A ƙarƙashin daddawa da citta da barkono yana nan, irin ɗanɗanon da ke zama a baki in mutum ya zuƙo mai da tiyo daga tankin babur. Cokali ɗaya na sha na fita na tofar. Dattijon nan kuwa kifi guda yake cinyewa kullum, har da na buɗa-baki.

Da la'asar na tafi rumfar yayana. Ya bar ni na gama kame-kame, sannan ya tambaye ni ko Sarkin Ruwa ya sauka daga sarauta ne. Mutanen rumfa suka yi dariya ba tare da sun san dalili ba. Ya yanko tozo da haƙarƙari, ya ce a kai gida, sauran kuma shi zai gasa da hannunsa.

Na kai wa Baffa da kaina, na durƙusa na buɗe. Na fara ba shi haƙuri da Fillanci, ya ɗaga hannu ya ce bai ji wannan yaren ba a garin nan. Ya ci naman yana lumshe ido, ya ce ashe gidan sarauta ya sauka aka yi ta ba shi abincin talakawa. Ranar ne kwano ya fara dawowa da saura, yadda baƙon da ya ƙoshi yake bari. Maiɗakina ta duba, ta ce alhamdu lillahi.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai har ranar tafiyarsa. A gidan nan na Mopti akwai mata da 'ya'ya da jikoki da suka sha kurina shekara da shekaru, kuma na san abin da za su fara tambayarsa ke nan tun bai sauke jaka ba. Na yi ta juya maganar har muka isa tasha. Sai da ya zauna a motar Illela, aka ɗaure kaya, na matsa jikin taga na tambaye shi me zai ce musu.

Ya ce, "Abin da na ce maka. Akwai mai."

Na fara ja da baya daga tagar.

Ya ce, "Da Hausa zan faɗa, Kaɗo. Tafintan gidan kuwa ya koma garinsu."

Motar ta tashi yana dariya, yana riƙe da hularsa.

Na sallami mai keke a makon. Ba a daɗe ba aka fara kawo kifin ƙanƙara a kwali daga bakin teku, shi 'ya'yana suka tashi suka sani. Wankin tankoki a gindin gada ya ragu daga baya, mutane kuma ba su fasa sayen kifin Kwalkwalawa ba, wataƙila ma ya gyaru. Amma daga wannan shekarar ba a sake dafa kifin Rima a gidana ba, ni kuma duk ƙasar da na je bayan nan, in an tambaye ni garinmu, labarin shanu nake bayarwa.